Wandon Makarantar Nafisa

Ku mayar da wandon nan kan ƙusarsa. Na ga wanda ya ɗauko shi zai goge man keke da shi, ba sai na kira suna ba. Tsumma ya cika kwali a ƙarƙashin tebur, amma idonku bai sauka kan komai ba sai wandon da ya shekara goma a rataye ba wanda ya taɓa shi. Tun da kun taɓa, ku tsayar da kekunan ku juyo nan. Dama ina cike da ku tun jiya, da na ji kuna cewa ɗinkin kayan makaranta ba ɗinki ba ne, wai layi huɗu ne a miƙe, ko wanda ya fara taka keke shekaranjiya zai yi. Ku dai a ba ku kaftanin ango da aikin wuya na kwamfuta, ku ɗauki hoto ku sa a waya. To ni ɗinkin da kuka raina shi ya ci da ni shekara talatin da wani abu, kuma har yau ban gama koyonsa ba.

A Ikara na koyi aiki, a rumfar Maigida Tanimu kusa da tasha, Allah ya ji ƙansa. Shekarata ta farko ko almakashi bai bar ni na riƙe ba. Aikina hura gawayi a dutsen guga, da sa maɓalli, da farke tsohon ɗinki. Duk kayan makarantar da aka kawo gyara sai ya jefo mini tare da reza, in zauna ina tsinke zare ɗaya bayan ɗaya har idona ya yi ja. Na ɗauka wulaƙanci ne kawai irin na masu gida. Wata rana ya miƙo mini wani wando na kaki, ya ce, "Isiyaku, mai wandon nan wane irin yaro ne?"

Na ce, "Maigida, ai ban taɓa ganinsa ba. Ubansa ne ya kawo."

Ya sakar mini rula a ka. Ya ce, "Wata takwas kana farke kayan yara ba ka san abin da kake dubawa ba? Zo nan."

Ya shimfiɗa wandon a tebur. Ya nuna mini gwiwa ta kwaile, ya ce wannan ɗan ƙwallo ne. Ya juya mazaunin, ya nuna yadda ya yi ja ya yi sulɓi, ya ce ajinsu babu benci, a ƙasa suke zama. Ya zaro aljihu, ga tabon mai, ya ce uwarsa tana ba shi ƙuli-ƙuli da safe, ba ya tafiya da yunwa. Sannan ya ɗauko wata riga daga cikin tarin, ya nuna mini bakin kwala ya yi kaca-kaca. Na ce ɓera ne. Ya ce ba ɓera ba ne, haƙorin yaro ne. Yaron da yake jin tsoro a makaranta kwalarsa yake tauna, in yarinya ce bakin hijabinta, daidai ƙarƙashin haɓa. A ƙarshe ya koya mini gwiwar hannu. Yaro mai rubutu, gwiwar hannun rigarsa ta dama ita ke fara cinyewa saboda gogar tebur, kuma in yadin na kirki ne ba ta hudawa sai a shekara ta uku. Ku riƙe wannan lissafin na shekara uku, za mu dawo kansa.

Abu na biyu da ya koya mini shi ne kalmasa, wato ninkin da ake yi a ƙafar wando da bakin hannun riga. A kayan manya kalmasa ado ce, a kayan makaranta kuwa ajiya ce. Yakan ce, "Uban yaron nan manomi ne, ba zai dawo maka baɗi ba. Ka auna yaron da ke gabanka, ka kuma auna wanda zai zama nan da shekara biyu." Yatsa uku ake bari a ƙafa, yatsa biyu a gefe. In ka rage, kafin Sallah wando ya ɗage yaro ya zama abin dariya. In ka ƙara, ƙafar ta yi nauyi tana harɗe shi. Yanzu ku da kuke cewa layi huɗu ne, wane ne a cikinku zai kalli yaro ya san yadda zai miƙe nan da shekara biyu?

Akwai wani dattijo daga Nasarawan Doya da ya taɓa zuwa mini ranar kasuwa, lokacin na riga na dawo Makarfi na buɗe wannan shagon. Bai zo da yaron ba, yana gona wai ana yankan rake. Karan dawa ya kawo, an karya shi daidai tsawon yaron, da igiya mai ƙulli biyu, ɗaya na ƙugu ɗaya na hannu. Ban kore shi ba. Na zaunar da shi na tambaye shi, yaron nan kai ya ɗauko ko dangin uwarsa? Ya ce kawunnansa ya biyo, dogaye ne. Na ce yana da ci? Ya yi dariya, ya ce sai an ɓoye tukunya. Na ƙara yatsa ɗaya a kan ukun. Bayan shekara uku ya dawo da ƙanen yaron a hannu, ya ce wancan wandon har yanzu yana jiki. Irin waɗannan su ne mutanena, daga Paki, daga Likoro, daga rugagen da ke bayan gari. Watan komawa makaranta yana zuwa ne masara ba ta bushe ba, aljihun kowa a bushe, don haka wanda ya kawo maka yadi ya riga ya hana kansa wani abu kafin ya saya. Ba ka da ikon ɓata masa ko ƙyalle.

To yanzu wandon.

Nafisa ita ce ta uku a 'ya'yana. Tun tana rarrafe a ƙarƙashin teburin nan take wasa da tef, kafin ta shekara huɗu ta san duk lambobin da ke jikinsa, ba wanda ya zaunar da ita. Ranar da na fara tsorata da ita tana da shekara shida. Wata makaranta a Likoro ta ba ni ɗinkin yara arba'in, awo kashi uku, maza da mata. Ina tsaye da alli ina lissafin yadi a kan tebur, na goge na sake, na goge na sake. Tana zaune tana shan rake. Sai ta ce, "Baba, bandir biyu ba za su isa ba. Saura yadi tara."

Na ce, "Ke tafi can, wa ya sa da ke?"

Ta ce, "Ka manta da hijaban manyan."

Na koma kan allina. Na manta da su ɗin kuwa, kuma yadi tara ne cif. Na dube ta, ita ko ta koma kan rakenta kamar ba ita ta yi magana ba.

A makaranta ma haka. Hedimastansu, Malam Yahuza, mutumin kirki ne mai son yara. Kafin shekarar farko ta ƙare ya ɗauke ta daga aji ɗaya ya kai ta aji uku, ya ce tana hana malamar aji ɗaya sakat da tambayoyi. Daga aji huɗu ya tsallakar da ita zuwa shida. Bai yi ko ɗaya ba sai da ya zo shagon nan ya nemi izinina, ni kuma kullum sai in ce, "Hedimasta, ai kai ka san aikinka." Gaskiyar magana daɗi nake ji. Mutane sun daina ce mini Isiyaku tela, sai Baban Nafisa. Tana shekara tara ta rubuta jarrabawar shiga wata makarantar kwana ta 'yan mata inda ake karatun kimiyya, ta fi kowa a duk yankinmu, aka ba ta gurbin kyauta. Abinci, littattafai, komai.

Wannan ya faɗo a shekarar da ban taɓa ganin irinta ba a sana'a. A shekarar ne makarantu suka fara ɗauko kayan da aka riga aka ɗinka daga Kano, suna sayarwa a ofis. Watan da na saba kwana uku ban ga rana ba saboda aiki, sai ga ni zaune a bakin ƙofa ina korar ƙuda. Keke uku gare ni a lokacin, biyu na lulluɓe su da zane. Mai 'ya'ya biyar a irin wannan shekara, a ce masa an ɗauke masa nauyin guda har shekara shida, ba sai na gaya muku abin da ya ji ba.

Uwarta Hajara ce kaɗai ba ta yi murna ba. Ta ce, "Malam, yarinyar nan ko tsifar kanta ba ta iya ba. Bokiti in ya cika ba ta iya ɗaga shi daga bakin rijiya."

Na ce, "Ai ba ɗiban ruwa za ta je yi ba, karatu za ta."

Ta ce, "Masu karatun ba sa wanka?"

Na ce mata wannan magana ce irin ta mata, tausayi ne kawai. Malam Yahuza ma ya zo har gida ya tsaya daga zaure ya yi mata bayani, ya ce irin wannan kai ba a ajiye shi, in aka bar shi a aji ɗaya da yara yana lalacewa. Ita Nafisa kuwa tsalle take yi, ta haɗa littattafanta tun saura wata guda. Hajara ta ga mu uku ne ita ɗaya, sai ta kama soya mata gyaɗa da garin kwaki.

Ni na ɗinka mata kayan da hannuna, riga mai dogon hannu, wando, da hijabi. Na auna ta na buɗe littafin awo zan rubuta a shafin 'yan sakandare, sai na ga babu awon da ya yi kusa da nata. Na juya baya, na juya baya, sai a shafin 'yan aji uku na firamare na sami irinsa. Na gani da idona, na rufe littafin. Da na zo ƙafar wando, maimakon yatsa uku sai na ninka sau biyu na bar shida. Telan da ya ga hannunsa yana barin yatsa shida a ƙafar wando ya san yaron bai isa kayan ba. Na sani, amma na taka keke na wuce.

Ta yi zango ɗaya ta dawo hutu. Ta ɗaya a aji, ba wanda ya ko matso kusa da ita. Katin sakamakonta ya zagaya kasuwa hannu zuwa hannu har ya yi datti. Na tambaye ta makaranta, ta ce lafiya lau. Na ga ta ɗan rame, na ce ai abincin makarantar kwana ne, kowa haka yake dawowa.

Kwana biyu da dawowarta na je gida cin abincin rana bayan azahar. A kan tabarmata, kusa da kwano, na tarar da kayan makarantarta an wanke an ninke. Hajara ta ce, "Malam, ga aiki na kawo maka. Ka duba su yadda kake duba na mutane." Ta koma madafa.

Hijabin na fara ɗagawa. Daidai ƙarƙashin haɓa ya yi kaca-kaca, har da ƙananan huji. Na ajiye. Na ɗauki wando, na ga robar ƙugu an ƙulle ta sau biyu don kada ya zame. Na duba gwiwoyin wandon, sabbi fil, kamar ranar da na sauke shi daga keke. Wata uku yarinya mai shekara tara ba ta durƙusa a ƙasa ta yi wasa ba ko sau ɗaya. Sannan na ɗauki riga na juya hannun dama. Gwiwar hannun ta huje har yatsana ya wuce, bakin hannun ya yi baƙi da tawadar biro. Yadin nan ni na zaɓe shi, na san ƙarfinsa. Cin shekara uku ya yi a wata uku.

Ban iya cin abincin ba. Na kira ta, ta zo ta durƙusa.

Na ce, "Nafisa, rubutun mutum nawa kike yi?"

Ta dubi rigar, ta dube ni. Ta ce, "Takwas, Baba. Ban da nawa."

Na ce, "Dukanki suke yi?"

Ta ce, "A'a. Ruwa suke ɗebo mini."

Sai ta ba ni labari, ba kuka ba komai, kamar tana bayanin lissafi. Famfon yana can nesa da ɗakin kwanansu, ga layi, ga turereniya. Satin farko in ta cika bokiti kafin ta iso rabi ya zube, wani lokaci ma ba ta samun shiga layin. Ta je aji kwana uku ba wanka, aka fara toshe hanci in ta wuce. Sai wata babba ta ce za ta riƙa ɗebo mata in za ta yi mata aikin lissafi. Wata ta ce ita za ta yi mata wanki, wata kitso. Kafin wata guda sun kai takwas.

Na ce, "Yaushe kike yin duk wannan?"

Ta ce, "Lokacin hutun tara, da lokacin cin abinci. Har na 'yan aji huɗu ina yi, Baba. Nasu ya fi daɗi."

Na ce, "Me ya hana ki gaya wa malamai?"

Ta ce, "In na faɗa wa zai ɗebo mini ruwa?" Sannan ta ce, "Karatun ina so, Baba. Bokitin ne ba na iyawa."

Kunya ta kama ni, zan faɗa muku ba ɓoyo. Shekara ashirin ina gaya wa iyayen yara abin da ke damun 'ya'yansu daga bakin kwala, tawa 'yar ta shigo gida kwana biyu ina yawo da kati a kasuwa.

Da aka kusa komawa na sa rigar da hijabin a leda na tafi wurin shugabar makarantar. Mace ce mai natsuwa, ta saurare ni har ƙarshe, ta sa yatsa a hujin kamar yadda na yi. Ranta ya ɓaci, ta ce za ta hukunta yaran su takwas ɗin. Na ce, "Ranki ya daɗe, in kin hukunta su, wa zai ɗauki bokitin?" Ta ce to za ta haɗa ta da wata babba guda mai hankali ta riƙa kula da ita. Na ce zan yi shawara da uwarta. Kafin in tashi na tambaye ta, in na ɗauke yarinyar shekara biyu za a ajiye mata gurbinta? Ta ce gaskiya ba za ta ruɗe ni ba. Akwai wata a jerin masu jira, ita za a ba. In Nafisa ta dawo sai ta sake jarrabawa ta fara daga aji ɗaya, kuma gurbin kyauta sau ɗaya ake ba mutum.

Na dawo na zayyana wa Hajara. Da na kai kan maganar haɗa ta da wata babba sai ta ce, "Wannan ai shi ake yi yanzu, Malam. Suna kawai za a sake masa." Na ce mata gurbin fa, kin ga yadda shago yake. Ta ce, "Na gani. Ni ke dafa abin da kake kawowa." Wancan karon mu uku muka rinjaye ta, wannan karon rigar tana gefenta. Muka yanke shawarar Nafisa ba za ta koma ba.

Malam Yahuza da ya ji ya zo shago a fusace. Ya ce, "Isiyaku, za ka kashe wa yarinyar nan gaba da hannunka. Mutum nawa ke samun irin wannan a ƙaramar hukumar nan?" Na ce, "Hedimasta, kai ka auna kanta, kuma awonka daidai ne. Ni sauran jikin na auna." Ya fita bai yi mini sallama ba, ya yi wata shida ba ya biyowa ta layin nan. A gari kuwa ba irin abin da ba a faɗa ba. Wasu suka ce tela ya ji tsoron boko, wasu suka ce korarta aka yi muke rufewa. Masu ce mini Baban Nafisa suka koma Isiyaku tela.

Duk wannan bai dame ni ba kamar ita kanta. Ranar da 'yan makarantarsu suka koma ta ga akwatinta a kan sif ba a sauke ba, ta yi kukan da ban taɓa jin ta yi ba. Ta ce, "Da na sani da ban gaya maka ba." Ta yi kusan wata biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Wata rana ta tare ni a tsakar gida ta ce, "Baba, yaushe zan koma?" Uwarta ce ta shiga ɗaki ta fito da wandon nan, ta ce, "Ranar da Babanki ya saki kalmasar nan duka, wandon ya zauna miki daidai, kuma kika ɗauko bokiti cike daga rijiya zuwa madafa ba ki zubar ba, ranar za a yi miki rajistar jarrabawa." Nafisa ta karɓi wandon ta auna ninkin da yatsunta. Na ga tana lissafi a ka.

Ba mu bar ta ta zauna haka ba. Da safe tana zuwa makarantar jeka-ka-dawo a nan cikin gari, da yamma Islamiyya. Akwai wani tsohon malamin lissafi a Kudan, Malam Iro, da ya yi ritaya yake noman dankali, ni nake masa ɗinki. Na kai masa ita ranar wata Asabar a bayan babur. Ya ba ta tambaya ɗaya, ta amsa, ya ba ta ta biyu, sai ya cire tabarau ya ce mini in riƙa kawo ta duk Asabar. Shi ya ciyar da wancan kan nata da tsofaffin littattafansa. Uwarta kuma ta kama nata ɓangaren ba sassauci, wanki, tsifa, ɗiban ruwa, da tura ta waje wurin yaran maƙwabta ko tana so ko ba ta so.

Duk bayan wata uku sai ta sa wandon ta zo shagon nan ta ce, "Baba, auna ni." In sa reza in saki yatsa ɗaya, wani lokaci rabi, wani lokaci in ce bai yi ba tukuna. Akwai ranar da ta zo ta ja wandon har ƙirji ta rufe da riga don ƙafar ta ɗage. Na ce, "Ni za ki yi wa wannan? Sauke shi ƙugu." Ta sauke tana dariya, kuma ranar ce ta fara yi mini dariya tun da na ɗauke ta.

A cikin shekara biyun nan aiki ya dawo. Kayan da aka ɗauko daga Kano babu kalmasa a cikinsu, ko yatsa ɗaya ba a bari ba, don masu ɗinka su ba su taɓa ganin yaran ba. Wanki uku suka tsuke, kafin shekara ta zagayo iyaye suka dawo mini da yadi a hannu. Na yaye zanen da ke kan kekunan nan biyu. Don haka lokacin da na saki yatsa na shida, ta ɗauko bokiti daga rijiya uwarta na bin ta a baya tana duba ƙasa, ta sake jarrabawa ta ci, ina da ƙarfin ɗaukar nauyinta. Da ƙyar, amma na ɗauka. Ta koma aji ɗaya tana shekara goma sha ɗaya da wani abu, cikin sa'anninta. Riga da hijabi sabbi na ɗinka mata, wandon kuwa ta ce shi za ta tafi da shi.

Ƙarshen zango ta dawo. Na zo cin abincin rana na tarar da kaya a ninke kusa da kwano. Hajara ta tsaya a bakin madafa. Na ɗaga hijabi, ƙarƙashin haɓa lafiya lau. Robar ƙugu babu ƙulli. Gwiwar hannun riga ko sheƙi ba ta fara ba. Na buɗe wando, sai ga gwiwar hagu a yage, yagar da hannuna ya shige gaba ɗaya, ga koren ganye ya ɓata gefenta.

Na kira ta na ce, "Me ya sami wandon nan?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Gwaiba muka hau ni da su Zainab, reshe ya karye. Har an sa mu shara."

Na ce, "Ta nawa kika zo?"

Ta ce, "Ta uku."

"Wa ta zo ta ɗaya?"

Ta ce, "Zainab. Ƙawata ce, Baba. Turancinta ya fi nawa, amma zan kamo ta."

Na ɗauki wandon na taho shago ko abincin ban tsaya ci ba. Na nemo ƙyallen yadinsa na yi masa faci da hannu, ban sa a keke ba. Na ɗinka wa hakimai, na ɗinka wa angwaye, ba ɗinkin da ya taɓa yi mini daɗi kamar wannan facin. A kasuwa an ce yarinyar ta ja baya, daga ta ɗaya ta koma ta uku. Ban ba kowa katin ya riƙe ba.

Yanzu tana jami'a tana gama karatun injiniya, kun san ta, ita ce wadda in ta zo hutu take tsayawa a kaina tana gyara mini lissafin yadi. Malam Yahuza har yau yana cewa da ban ɗauke ta ba da ta gama tun shekara biyu da suka wuce. Lissafinsa daidai ne, ban taɓa yi masa musu ba.

Kawo wandon nan kusa da haske. Kun ga layukan nan da suka koɗe a ƙafar, ɗaya bisa ɗaya? Kowane layi zuwa ɗaya ne da ta yi ta ce in auna ta. Ga facin kuma a gwiwa. To a rataye shi, a wanke hannu. Akwai kayan wani yaro da aka kawo daga Paki da safe, suna cikin baƙar ledar can, uban ya ce a ƙara tsawo kawai. Ku shimfiɗa su a tebur. Kafin kowa ya taɓa reza, ina so ku gaya mini wane irin yaro ne.